Ƙwallon da Ta Sami Yaya Lawali a Ƙirji

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Lawali, amma har yau in na tuna ranar, ba maganar mutuwar ce ke fara zuwa min ba. Motar ce. Juma'a ce da hantsi, ina shanya kaya a tagar ɗakinmu da ke bene na biyu a unguwar Manfuha, sai na ga farar motar kyaftin ɗin ƙungiyar wasansu, Amjad, ta shigo layinmu a hankali. Duk Juma'ar duniya ita ke dawo da Yaya daga filin wasa, kuma tun daga kan kwana ake danna hon, samari a bayan mota suna buga ƙarfe suna ihu, har maƙwabta sun gaji da ƙorafi sun haƙura. Ran nan ba hon, ba kowa a baya, kuma lokacin dawowarsu bai yi ba. Amjad ya fito shi kaɗai da jakar Yaya a hannu. Ya ɗaga kai ya kalli tagarmu, muka haɗa ido, ya sunkuyar da kansa. Rigar Baba ce a hannuna, jiƙaƙƙiya. Ban san lokacin da na sake ta ba, ganinta kawai na yi a ƙasa kan kwalta.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, shi da ni, Zaliha. A nan Riyad aka haife mu. Baba mutumin wani ƙauye ne kusa da Maraɗi, ya zo tun kafin a haife mu, yana tuƙa motar kaya a wani kamfani, mu kuma muna ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar zamansa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kan Yaya, hannuna ne ya ƙi. Sai makon jiya wani abu ya faru da ya sa na iya zama. Har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba, saboda haka in kun ga magana ta karkace, ku yi min uzuri.

Yaya ɗan wasan kurket ne. Na san da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa kallonsa ba. A taƙaice, mutum ɗaya ne zai jefo ƙwallo da ƙarfi, ta bugi ƙasa ta taso, ɗayan ya tare ta da katako mai faɗi. In ya ɗaga ta sama ta ƙetare iyakar fili ba ta taɓa ƙasa ba, maki shida ke nan a bugu ɗaya. Wannan bugun shi ne aikin Yaya. Sauran dabarun wasan, shi da bakinsa yake cewa a bar wa masu haƙuri.

Yaran unguwarmu 'yan Afirka duk ƙwallon ƙafa suke bugawa, shi kuwa Yaya jikinsa ya yi nauyi, ƙafarsa ba ta jin magana, kullum gola ake sa shi. A bayan shagunan layinmu akwai wani kango da 'yan Pakistan da 'yan Bangaladash ke taruwa da safiyar Juma'a suna kurket. Wata rana ɓangare ɗaya suka rasa mutum, suka hango shi zaune kan bulo yana cin burodi, suka yafuto shi. Lokacin bai wuce shekara goma sha huɗu ba. Jifa ta farko ya kai wa iska duka har ya kusa faɗuwa. Da aka sake jefowa ya same ta, ta bi ta saman shagon wanki ta ɓace, kuma ita kaɗai ce ƙwallon da suka zo da ita. Haka aka tashi wasa ana zaginsa ana dariya. Juma'ar da ta biyo baya, tun bai gama karin kumallo ba suka aiko kiransa.

Dole in tsaya in yi bayanin ƙwallon nan, domin a kanta komai ya rataya. Ta kango ba ta gaske ba ce. Ƙwallon tanis ce ake naɗe ta da salatif ɗin lantarki don ta yi santsi ta yi gudu. In ta sami mutum za ta yi zafi, ta bar jan tabo, shi ke nan. Saboda haka a kango ba mai sa kariya, kuma suna da wata al'ada: in ƙwallo ta taso ta nufo jikinka, ba ka kaucewa, ƙirji kake turo mata, 'yan kallo su yi ta sowa. Wanda ya duƙa kuwa zai sha tsiya har wata Juma'ar. Yaya ya fi kowa iya wannan. Sai ya dawo gida ya ɗaga riga ya ce, "Ke Zali, zo ki ga lambar girma." Inna ta bi shi da faɗa, ta ce wanda ke da hankali ba ya tsayawa a jefe shi yana murna. Ya rungume ta da gumin jikinsa, ta ture shi tana dariya.

Daga ƙungiyar masu tsaron kantunan layinmu ya koma ta masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Batha. Su ne suka koya masa sana'ar, don su riƙe shi kusa da su, a wurinsu kuma ya iya Urdu, yaren 'yan Pakistan, har in yana waya Inna kan leƙo ta ga ko baƙo muka yi. Da farko "Afirka" suke kiransa. Bayan ya fara ci musu wasa sai ya zama Lawali Bai, wato ɗan'uwa. Ƙungiyoyin unguwar Al-Jaradiya in za su kara da su, duk masu tsaron filinsu can bakin iyaka suke jeruwa tun kafin ya ɗaga katako, kuma hakan bai hana ƙwallon wuce kawunansu ba.

A nan Amjad ya gan shi. Amjad dattijo ne mai sanyin hali, ma'ajin kaya a wani kamfanin kayan gini, kuma kyaftin ɗin wata ƙungiya a rukuni na uku na gasar kurket ta ƙwallon fata, wadda ake yi a filayen bayan gari, cikin rairayi, da shimfiɗar siminti a tsakiya. Da kansa ya hawo benenmu neman izinin Baba. Ina bayan ƙofa ina jin su, Larabcin wannan na sito, na wancan na bakin titi, kowa na gyara wa kowa. Baba ya tambaye shi ko wasan nan ana cin abinci da shi. Amjad ya ce a rukuni na uku babu, a na biyu ma babu, amma a na ɗaya ƙungiyoyin kamfanoni ne, in suka ga ɗan wasa mai kyau suna ba shi aiki su mayar da iƙamarsa ƙarƙashinsu. Baba ya ƙare rayuwarsa yana karanta fuskar kafili, wato mai riƙe da takardar zamansa, kafin ya san ko zai yi barci. Wannan maganar ce kaɗai ta shiga kunnensa. Ya ce Allah ya sa albarka.

Ranar da Yaya ya fara kawo ƙwallon fata gida, ya sake ta a kan tayil, ƙarar ta sa na zabura. Ja ce, da ɗinki a tsakiya, nauyinta da taurinta kamar dutse. Inna ta ɗauka ta juya ta a hannu ta ce, "Da wannan za a riƙa jifarka, kai kuma kana tsaye?" Ya buɗe jaka ya nuna mata hular kwano, da kariyar ƙafa, da safar hannu masu kauri. Waɗannan dole ne a sa. Akwai kuma wani abu mai kama da ƙaramin matashi da ake ɗaurawa a ƙirji, shi ba dole ba ne. Yaya ya gwada sau ɗaya ya cire, ya ce yana ɗaure masa hannu, yana hana shi numfashi. Amjad ya yi ta nanata masa cewa a wannan wasan in ƙwallo ta taso, juya mata kafaɗa ake yi ko a duƙa. Ya ji, ya kuma koya. Amma jikinsa ya riga ya shekara da shekaru yana koyon akasin haka.

Kada a ɗauka da shigarsa ya fara haskawa. Makonnin farko wahala ya sha. Ɗan kango duk abin da aka jefo sai ya kai masa duka, su kuwa masu jifar ƙwallon fata sun san wannan, sai su yi ta jan shi har a fitar da shi daga wasa tun bai yi gumi ba. Yana dawowa ya shige ɗaki ba magana, abokan wasansa kuma don tsokana ba su fasa danna masa hon ba. Na taɓa ce masa ya koma gola mana, ya wurgo min takalmi. A hankali ya koyi jira. Ya koyi barin ƙwallo ta wuce, abin da ya ce ya fi azumin bazara wuya. Kafin kakar wasan ta ƙare sun hau rukuni na biyu, kuma kowa ya san katakon wa ya kai su.

A rukuni na biyu ne ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa. Kyaftin ɗin abokan karawarsu ya zo da sabuwar mota, ya ajiye ta can nesa da fili, ya ce nan dai ba ɗan da zai kai. Yaya ya ji shi. Ya ɗauki katakonsa ya shiga fili. Ana cikin wasa sai ƙarar fashewar gilashin motar aka ji. Mutumin ya dafe kai, 'yan ƙungiyarsa da kansu suka kwanta a rairayi don dariya, Yaya kuma ya tafi har wurinsa ya ba shi haƙuri da Urdu mai daɗi, daga baya ma ya gyara masa na'urar gidansa. Bayan wannan wani mutum daga ƙungiyar kamfani ya fara zuwa kallonsa, ya ce in kaka ta ƙare ya zo gwaji. Yaya ya dawo yana tafiya kamar ƙasa ba ta ishe shi ba. Ya ce Baba zai huta da tuƙi, ni kuma in koyi mota, ni zan riƙa kai shi fili, ya gaji da hon ɗin Amjad.

Kakar ba ta ƙare ba.

Abin da ya faru ran nan, ban gani da idona ba, kuma waɗanda suka gani bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce ƙwallo ta taso da gudu, maimakon ya juya sai ya turo ƙirji irin na kango, ta same shi a gefen hagu, ya yi murmushi ya ɗaga hannu alamar ba komai, ya taka kaɗan sai ya durƙushe. Wasu sun ce a kafaɗa ta same shi, kuma tun da safe sun lura yana shafa ƙirji yana neman ruwa. Amjad, da yake can ɗaya gefen yana jiran nasa bugun, ya ce shi kansa bai san wanne ya gani ba. Filin yana da nisa da gari. Kafin su isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ni aka tafi da ita asibitin tare da Baba, domin a gidanmu duk maganar likita ko ofis ni ce bakin Baba. Larabcinsa ya ishe shi hanya da kasuwa, ni kuwa da shi na yi makaranta har na gama sakandare. Likitan ya zaunar da mu ya yi magana a hankali. Ya ce abu biyu ne ke iya kawo irin wannan. Ko dai bugun ƙwallon ya zo daidai wani lokaci da ya tsayar da zuciya, wannan tsautsayi ne da kan iya samun kowa. Ko kuma dama akwai ciwo a zuciyar wanda ba a sani ba, irin wanda ke bin jini. Ba zai iya rabewa ba sai an binciki gawar. Na mayar wa Baba da Hausa. Ya girgiza kai ya ce a bar masa yaronsa yadda Allah ya halicce shi, ba mai sa masa wuƙa.

Sai likitan ya tambaya ko a danginmu akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka yana matashi. Na ce akwai ƙanen Inna, a gona ya faɗi, aka ce rana ce ta buge shi. Likitan ya ajiye alƙalaminsa. Ya tambaya ko mamacin yana da 'yan'uwa. Na ce ni ce. Ya dube ni sosai, ya faɗi abin da zai faɗa.

"Mi ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce a kawo ni a duba tawa zuciyar."

"Ki ce mishi mun ji."

An binne Yaya a nan Riyad, kabari ba suna ba alama, kamar yadda ake yi a ƙasar nan. Ban taɓa ganin wurin ba. In mota ta bi da ni ta gefen katangar maƙabartar Al-Oud nakan yi masa addu'a, ko da yake ba a can yake ba, don ita ce maƙabartar da ke kan hanyata.

Ba a kai ni asibitin ba, kuma ina so a fahimci dalili kafin a zargi Baba. A cikin mutanenmu ma'aikata akwai abin da kowa ya yarda da shi: duk abin da likita ya gani a jikinka yana shiga kwamfuta, kwamfutar kuma ta san lambar iƙamarka, ranar sabuntawa sai a ce ka tattara ka tafi. Kowa ya san wani da ya san wani da aka yi wa haka. Ni dai ban taɓa ganin mutumin ba, amma da wannan maganar muka tashi. Shi ya sa za ka ga namiji yana tafiya a karkace don ciwo, ya tsaya kantin magani ya sayi na ciwon kai ya koma bakin aiki. Da aka yi sadakar bakwai na tuna wa Baba maganar likita. Ya ce ya riga ya ba ƙasar nan ɗa guda, ba zai kai musu hujjar raba shi da ta biyun da hannunsa ba. Ni ma ban matsa ba. In aka ce in tafi, ina za ni? Ƙauyenmu sau ɗaya na taɓa ganinsa, ina goye. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya, na zaɓi wanda ba ya buƙatar in fita daga gida.

Haka na yi shekara uku. Na sami aiki a wani shagon gyaran gashi na mata a Al-Jaradiya, ina zuwa ina dawowa kamar kowa, amma kunnena yana cikin ƙirjina. In zuciyata ta buga da sauri in ce ga shi nan. In ta yi sanyi in ce tsayawa za ta yi. Na daina shan gahawa. Benenmu da muke tsere a kansa ni da Yaya, sai na tsaya a tsakiya ina yi kamar ina neman makulli a jaka. Akwai ranar da wata mata ta miƙo min kwalbar man gashi da ɗan jifa, na rungume ƙirjina na tsuguna a gaban mutane, kwalbar ta fashe. Na ce musu jiri ne. Inna ba ta taɓa yi min maganar ba, amma ta koma hawa bene a bayana, wai gwiwarta ce ke ciwo.

Wani lokacin nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya ga yau. Kangon nan an gina shi, shagon waya ne a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum Batha kafin ya gama duba saƙonninsa, shi da yake shan rana yana jiran motar haya da jakar kayan gyara a kafaɗa. Mata suna zuwa kallon wasanni, wata abokiyar aikina ma da motarta take zuwa. Ni ban koya ba, na ji tsoron abin ya same ni ina riƙe da sitiyari. Na san zai ce min matsoraciya, ya ja min gyale. Abin da zai fi ba shi mamaki kuwa yaran unguwarmu ne. Yanzu in ka bi ta filin ajiye motoci na bayan masallaci da safiyar Juma'a, za ka ga yaran Hausawa riƙe da katako cikin 'yan Pakistan, suna faɗa da Larabci da Urdu da Hausa a haɗe. In ɗaya ya ɗaga ƙwallo sama sai su ce ya yi ta Lawali. Yawancinsu ba su san fuskarsa ba. Kuma har yanzu suna turo ƙirji. In na gani sai in sauya hanya.

Amjad bai daina zuwa gidanmu ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai ya zo ya zauna da Baba su sha shayi, maganarsu ba ta da yawa. Bana ina kawo musu ruwa sai na ji yana cewa tun daga ranar ba mai buga masa wasa sai da kariyar ƙirji, wanda ya ƙi ya nemi wata ƙungiyar, kuma kafin a fara kaka kowa sai ya je an duba zuciyarsa. Da farko sun yi ta gunaguni, su ma irin tsoronmu gare su. To a bana an sami wani abu a zuciyar ɗaya daga cikin masu jifar ƙungiyarsa, wani direba ɗan Bangaladash. An ɗora shi a kan magani, an ce ya bar wasa. Yana nan yana tuƙinsa.

Baba ya ajiye kofi. Ya tambaya, iƙamarsa fa? Amjad ya ce an sabunta ta watan jiya, kafilinsa ko tambaya bai yi ba. Baba ya sake tambaya, kamar bai ji ba, ko da idonsa ya ga katin. Amjad ya ce wallahi da idonsa. Daga nan baƙon ya yi sallama ya tafi. Ba ina cewa haka abin yake ga kowa ba, ban san dokar kowane aiki ba. Abin da muka ji nake faɗa, daga bakin mutumin da muka sani, a kan mutumin da shi ya sani.

Bayan 'yan kwanaki na fito da safe zan tafi aiki, na tarar da Baba zaune da rigarsa ta Juma'a, alhali ranar aiki ce. Mutumin da zazzaɓi ma ba ya hana shi fita. Bai kalle ni ba ya ce, "Ɗiyata, kira shagonku ki ce ba ki zuwa. Ɗauko abayarki."

A asibitin an manna min wayoyi a ƙirji, an shafa min wani abu mai sanyi an bi da na'ura, na kwanta ina jin ƙarar zuciyata tana fita daga inji kamar ana tuƙa tuwo a ɗaki na kusa. Sai aka ce in hau injin gudu. Na ce wa ma'aikaciyar ba zan iya ba, shekara uku ban yi gudu ba, faɗuwa zan yi. Ta ce in dai faɗuwa ce, duk Riyad ba inda ya fi nan dacewa, yalla, in hau. Na hau ina kuka ina gudu, tana ƙara sauri, har gumi ya jiƙa min gyale. Ban faɗi ba. Suka ɗaura min wata 'yar na'ura na kwana da ita, na mayar washegari, aka ce mu dawo mako mai zuwa.

A cikin wannan makon na jira ne na fi tunanin Yaya. Na yi ta auna abin da ya rage nasa. Bai kai rukuni na ɗaya ba, Baba yana nan yana tuƙi, ba kofi ba hoto a jarida. Katakonsa yana saman kabad, Inna na goge shi. Amma akwai maza goma sha wani abu da ke fita fili duk Juma'a da abu ɗaure a ƙirji suna gunaguni, akwai direban nan da ke shan maganinsa yana aika wa iyalinsa saƙo, akwai yaran da suka ga cewa baƙin yaro ɗan Manfuha zai iya shiga wasan da ba na gidansu ba har a riƙa ja da baya in ya ɗaga katako. Ni kuma abin da ya bar min ya fi wuyar faɗa. Shi mutum ne da bai iya kaucewa ba, abin da ya ɗaga shi ke nan, wataƙila kuma shi ya kai shi ƙasa. Ban ce a yi koyi da shi a wannan ba. Ina dai kewar mutumin da in yana gida ba na jin tsoron komai.

Ranar Talatar da ta wuce muka koma. Baba ya zauna a kujerun maza a baranda, ni na shiga. Likitar wata dattijuwa ce 'yar Sudan. Ta daɗe tana duba allon kwamfuta, ni kuwa na riƙe gefen kujera. Sannan ta juyo ta cire tabarau ta ce duk gwaje-gwajen sun yi kyau, girman zuciyar daidai, bugunta daidai, ba ta ga komai ba. Ta ce saboda tarihin gidanmu in dawo bayan 'yan shekaru a sake dubawa, amma yau ba ta da abin da za ta ba ni ko ta hana ni.

Na tambaye ta, ke nan ƙwallon ce ta kashe shi?

"Wannan Allah ne ya sani, 'yata," in ji ta. "Ni taki aka kawo min, kuma taki lafiya lau take."

Na fito daidai ana kiran sallar azahar. Baba ya hango ni ya miƙe, hularsa a hannu. Na ce masa lafiya lau, ba a ga komai ba. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya koma ya zauna a hankali, ya ciro wayarsa zai kira Inna, ya danna nan ya danna can ya kasa samo sunanta. Sai ya miƙo min wayar.

"Ke ki gaya mata," ya ce. "Ni ba ni iyawa."